Ɗan Kunnen Kurma

Shekara uku tana kusurwar ɗakin shan magani,
lulluɓe da tsohon zanen Uwani,
kwamfutar da aka sauke mana daga a-kori-kura,
aka ɗau hoto, aka tafa, aka tafi.
Ga ido, ga ƙwaƙwalwa,
lissafi kuwa ko dillalin Gujungu albarka,
amma kurma ce.
Iska na wucewa da zancen duniya
ta kan rufin kwanonmu,
ita ko gezau.

Ni kuwa duk ƙarshen wata
sai in naɗe rahoto a baƙar leda:
haihuwa sha ɗaya, rigakafi arba'in da bakwai,
zazzaɓin cizon sauro ba a magana.
In ɗaure a ƙirji, in hau babur sai Auyo.
Da damina hanyar gulbi ce.
Bara kwalekwale ya kife a tsakiyar fadama,
na fito da raina da takalmi ɗaya,
tawada ta narke,
sunayen jariran Agusta suka tafi gaida tarwaɗa.

Ran wata Laraba sai ga Tasi'u ɗan ƙanwata
daga Kano, bakinsa cike da birni.
Ya buɗe tafin hannu: wani ɗan abu baƙi,
bai kai ƙwallon dabino ba.
"Kawu, adafta ke nan. Kunne na kawo mata."
Na ce, wannan? Ko akuya ta haɗiye ba za ta yi tari ba.
Baba Ɗanjuma mai gadi ya leƙo ya ce
in laya ce, baduku ya yi rowar fata.

Yaro ya tsuguna bayan akwatin,
ya share yanar gizo ta gaske
don a sami ta zamani,
ya soka shi a wani ɗan rami.
Shiru.
Ya zare, ya hura, ya mayar.
Kwamfuta ta ce ba ta san baƙon ba
sai an kawo direba.
Baba Ɗanjuma ya miƙe: "Ilu? Ai yana tasha, bari in kira shi."
Sai da Tasi'u ya share hawayen dariya
kafin ya zuba mata tafintan daga filashi.

Saura ruwan da za a sha.
Sabis a garinmu ɗan sarauta ne, ba ya zama a ƙasa.
Muka kunna waya ta zama rijiya,
muka sa ta cikin guga,
muka ja igiya har reshen darbejiyar bakin taga.
Kalmar sirri: sunan kakarmu da shekarar babbar ambaliya.
Na buga da yatsa ɗaya, na kuskure sau biyu.

Sai ɗan abin nan ya ƙifta ido, shuɗi.
Sanda ɗaya ta tsiro a gefen allo
kamar gero bayan ruwan shuka.
Ta biyu ta bi ta.
Ta uku ta leƙo, ta ji kunya, ta koma.

Na danna.
Tafiyar da ke cin wunina da man babur
ta ƙare kafin shayi ya huce.
Uwani ta yi guɗa, mai jego a ɗakin ciki ta ce lafiya?
Muka kashe da wuri,
don hasken rana ɗaya muke rabawa da firjin allurai,
kuma firji ne babba a gidan nan.

Washegari amsa ta sauko daga kan bishiya:
"An gani. A kawo na takarda mai hatimi ranar Litinin."

To. Ni da babur ba mu rabu ba.
Leda tana nan, fadama ta cika.
Amma yau in ruwa ya ci takarda
sai dai ya ci takarda.
Ramlatu, Sagiru, tagwayen gidan Makeri,
duk sun riga ni haye gulbi,
ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba.